Rayuwar Knute Rockne, Baƙon da Ya Gina Ƙungiyar Ƙwallon Notre Dame

Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura ya san labarin rijiyar Kusugu: yadda wani baƙo, Bayajida, ya sauka a garin da dare, ya kashe macijiyar da ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har tarihin Hausa ya ɗauki sabon salo ta dalilinsa. Labarin da za mu kawo muku a wannan fitowa shi ma na wani baƙo ne, amma a wata ƙasa mai nisa. Ya shiga Amurka yana yaro ɗan shekara biyar, bai iya harshen ƙasar ba, kuma ba Katolika ba ne. Ya rasu yana Katolika, sunansa kuma ya haɗe da na wata jami'ar Ikilisiya har yau. Mun zaɓe shi domin matasanmu suna son ƙwallo ƙwarai, majami'unmu kuma suna shirya musu gasa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiyar matasa ya san cewa wahalar ba ta fi ta zaɓen 'yan wasa ba: wa za a ɗauka, wa za a bari, ta wace hanya kuma za a same su. Wannan shi ne aikin da Knute Rockne ya yi shekara goma sha uku, ya yi suna a kansa, ya kuma yi tuntuɓe a cikinsa.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Knute Rockne ranar 4 ga Maris, 1888, a garin Voss na ƙasar Norwe, can arewacin Turai. Mahaifinsa, Lars, maƙerin keken doki ne. Ya tafi birnin Shikago domin ya nuna aikin hannunsa a babban baje kolin duniya na 1893, ƙasar ta kwanta masa a rai, sai ya aika iyalinsa su biyo shi. A can Knute ya girma cikin unguwar baƙi 'yan ci-rani, a gidan da ke bin ɗariƙar Lutha, kamar yawancin mutanen ƙasarsu.

Yaro ne mai son guje-guje da tsalle-tsalle fiye da zaman aji, har ya bar makarantar sakandare bai kammala ba. Ya sami aiki a gidan waya na Shikago, ya yi shekara huɗu yana rarraba wasiƙu yana tara ɗan abin da ya samu. A 1910, yana da shekara 22, lokacin da sa'o'insa suke gama karatu, shi kuwa ya ci jarrabawar shiga Jami'ar Notre Dame, kusa da garin South Bend a jihar Indiyana. Fada Edward Sorin na ƙungiyar Gicciye Mai Tsarki ne ya kafa makarantar a 1842, sunanta kuwa da Faransanci yana nufin Uwargijiyarmu, wato Budurwa Maryamu. A wancan zamani ƙaramar makaranta ce ta maza zalla, yawancin ɗalibanta 'ya'yan talakawan Katolika ne waɗanda iyayensu suka yi ƙaura daga Turai.

Rockne ya yi karatun kimiyyar haɗa magunguna da sinadarai, ya gama a 1914 da sakamako mai daraja. Malaminsa, Fada Julius Nieuwland, wanda bincikensa ya buɗe hanyar ƙera robar da ba ta itace ba, ya ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje. A wannan shekara ce kuma ya auri Bonnie Skiles, wadda Katolika ce, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu.

Irin ƙwallon da ake magana

Ya kamata mai karatu ya sani cewa ƙwallon Amurka dabam yake da wanda yaranmu suke bugawa a filayen makarantu. Ƙwallon kansa dogo ne, kamar ƙwai, ana riƙe shi da hannu a gudu da shi. Kowane gefe mutum goma sha ɗaya ne a fili. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci gaba da yadi goma, abokan hamayya kuwa suna ƙoƙarin kayar da mai riƙe da ƙwallon. Wanda ya kai shi ƙarshen fili ya sami maki shida. Wasa ne na ƙarfi da karo, saboda haka makarantun da ke da ƙattin ɗalibai su ne suka saba yin nasara. Tun 1906 doka ta yarda a jefa ƙwallon gaba ga ɗan'uwa, amma kaɗan ne suka ɗauki wannan dabara da muhimmanci.

Rockne ba ƙato ba ne. Da hutun bazara na 1913 shi da abokin ɗakinsa, Gus Dorais, suka tafi aikin hutu a bakin tafki a jihar Ohayo, suka riƙa gwada jifa da cafewa a kan rairayi. Ranar 1 ga Nuwamba, 1913, Notre Dame ta je West Point, makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka, wadda ake ganin ta fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Rockne ne kyaftin. Dorais ya yi jifa 17, aka cafe 14, Notre Dame ta ci da maki 35 da 13. Daga ranar nan jaridun manyan birane suka san da zaman wannan ƙaramar makarantar Katolika, masu horarwa kuma suka gane cewa mai dabara yana iya kayar da mai ƙarfi.

Yadda ya tara 'yan wasa

Bayan ya yi shekara huɗu yana mataimakin mai horarwa Jesse Harper, aka ba shi ragamar ƙungiyar a 1918. Makarantar ba ta da dukiyar manyan jami'o'i, don haka ya nemi 'yan wasa ta hanyoyi uku.

Hanya ta fari ita ce duba abin da ke cikin gida. Ɗaliban Notre Dame a ɗakunan kwana na makaranta suke zaune, kowane gidan kwana kuma yana da ƙungiyarsa, suna gasa a tsakaninsu. Rockne ya ƙarfafa wannan tsari, ya sa 'yan wasansa suna koya wa ƙungiyoyin gidajen, shi kuma yana zagayawa yana kallo. Ta haka ɗaruruwan samari suka sami damar wasa, wanda ya nuna baiwa kuma ba ya ɓoyuwa. Ɗan wasansa mafi shahara ma a cikin harabar makaranta ya tsince shi. A 1916, tun yana mataimaki, ya ga wani ɗalibi mai suna George Gipp yana shurin ƙwallo don nishaɗi kawai, ƙwallon yana tafiya nesa ƙwarai. Gipp ya zo ne daga garin Laurium na jihar Mishigan saboda wani wasa dabam na sanda da ƙwallo. Rockne ya gayyace shi filin horo, cikin 'yan shekaru kuwa ya zama gwanin da ƙasar duka take magana a kansa.

Hanya ta biyu ita ce zumunci da tsofaffin ɗalibai. Waɗanda suka yi wasa a hannunsa sun watsu cikin ƙasa, da yawa sun zama masu horarwa a makarantun sakandare da kwalejoji. Shi kuma yakan buɗe makarantun koyar da horarwa lokacin hutu, ya rubuta wasiƙu ba iyaka, ya taimaka wa yaransa su sami aiki. Su kuma idan suka ga yaro mai baiwa sai su nuna masa hanyar South Bend. Misali, Curly Lambeau, wanda ya yi wasa a ƙarƙashin Rockne a 1918, shi ne ya horar da Jim Crowley a sakandaren garin Green Bay, Crowley kuwa ya ƙare a Notre Dame. Don Miller na jihar Ohayo ya bi sawun yayyensa ne da suka riga shi zuwa makarantar. Limaman majami'u da malaman makarantun Katolika su ma sun zama idanunsa a garuruwa masu nisa.

Hanya ta uku ita ce sanin inda kowa ya dace. A 1922 ya haɗa samari huɗu a bayan layi: Harry Stuhldreher, Jim Crowley, Don Miller da Elmer Layden. Babu wanda nauyinsa ya kai kilo 80 a cikinsu, wanda a wannan wasa ƙaramin jiki ne. Amma ɗaya ya iya jifa da jagoranci, ɗaya ya iya kauce wa masu tara, ɗaya ya iya kutsawa, ɗaya kuma ya fi kowa gudu. Ya koya musu wani salon sauya wuri tare, cikin ƙiftawar ido, kafin a fara kowane yunƙuri, har abokan hamayya su rasa inda ƙwallon zai bi. Cikin shekara uku da suka yi tare sau biyu kaɗai aka ci su, duka biyun kuwa a hannun Jami'ar Nebraska. Bayan sun ci makarantar soja da maki 13 da 7 a birnin New York ranar 18 ga Oktoba, 1924, wani ɗan jarida mai suna Grantland Rice ya kwatanta su da mahaya dawaki huɗu na sura ta shida ta Wahayin Yahaya, sunan kuma ya bi su har mutuwa. Samari bakwai da ke gaba suna buɗe musu hanya da ƙirjinsu, waɗanda jaridu ba su damu da su ba, aka yi musu laƙabi da alfadarai bakwai. Ranar 1 ga Janairu, 1925, wannan ƙungiya ta ci Jami'ar Stanford da maki 27 da 10, ta rufe shekarar ba a ci ta ko sau ɗaya ba.

Akwai kuma wata dabara tasa da ta dogara ga yawan 'yan wasa. Sau da yawa yakan fara wasa da sahu na biyu, su gajiyar da abokan hamayya, shi da manyan 'yan wasansa suna gefe suna nazarin salon da aka zo da shi, sa'an nan ya sako sahun farko da ƙarfinsu. Amfanin wannan biyu ne: ya huta da manyan, ya kuma ba ƙanana gogewa, ta yadda idan wasu suka gama karatu akwai masu maye gurbinsu a shirye. A makaranta kowane ɗan wasa baƙo ne na 'yan shekaru, mai horarwar da bai shirya magada ba kuwa zai wayi gari da fili babu kowa.

Ƙyamar Katolika da abin da ta haifar

A shekarun 1920 Katolika ba su da cikakkiyar daraja a wurare da yawa na Amurka. Ƙungiyar Ku Klux Klan, mai ƙin baƙaƙen fata da Yahudawa da Katolika, ta yi ƙarfi ƙwarai a jihar Indiyana. A watan Mayu na 1924 ta kira taro a South Bend, ɗaliban Notre Dame suka yi arangama da 'yan ƙungiyar a kan tituna, sai da shugaban jami'ar, Fada Matthew Walsh, ya fito da kansa ya mayar da su makaranta. Manyan jami'o'in yankin kuma, waɗanda suke da haɗaɗɗiyar gasarsu, sun ƙi karɓar Notre Dame a cikinsu a 1926, wasunsu ma sun daina wasa da ita.

Da aka rufe masa ƙofar maƙwabta, sai Rockne ya ɗauki yaransa a jirgin ƙasa zuwa nesa: gabas zuwa New York, kudu zuwa jihar Jojiya, yamma zuwa Kalifoniya, inda aka fara karawa da Jami'ar Kudancin Kalifoniya a 1926. Wannan tafiye-tafiye ya mayar da ƙungiyar ta ƙasa baki ɗaya. Leburori da ma'aikatan masana'antu 'yan Katolika, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar jami'a ba, suka ɗauki Notre Dame tamkar tasu, suna sauraron wasanninta a rediyo. 'Ya'yansu kuma suka tashi da burin sa rigarta, wanda ya ƙara sauƙaƙa wa Rockne samun 'yan wasa. Kuɗin ƙofa ya taimaka wa jami'ar ta yi gine-gine, har da sabon filin wasa da aka buɗe a 1930.

Inda ya yi tuntuɓe

Ba za mu yi wa masu karatu adalci ba idan muka nuna shi kamar waliyyi. George Gipp, duk da baiwarsa, ba ya son shiga aji, yana kuma kwana a gidajen caca na cikin gari. A farkon 1920 jami'ar ta kore shi, amma matsin lambar masu kuɗin gari da masu son ƙwallo ya sa aka mayar da shi. Da ɗalibi ne wanda bai iya wasa ba, da wuya ya sami wannan sassauci. Gipp ya kamu da ciwon maƙogwaro da ya zama na huhu, ya rasu ranar 14 ga Disamba, 1920, yana da shekara 25. Bayan shekara takwas, a 1928, shekarar da ƙungiyar ta fi yin rauni a hannunsa, Rockne ya tuna wa yaransa da wata wasiyya da ya ce Gipp ya bar masa a gadon mutuwa, suka fita da hawaye suka ci makarantar soja da maki 12 da 6. Masana tarihi da yawa suna shakkar cewa an taɓa yin wannan wasiyya, domin an san Rockne da ƙara wa labari gishiri idan yana son ya motsa zukatan yaransa.

A ƙarshen 1925 kuma ya sa hannu a yarjejeniyar komawa Jami'ar Kolombiya ta New York saboda albashi mai tsoka, alhali kuwa yarjejeniyarsa da Notre Dame ba ta ƙare ba. Maganar ta fito a jaridu, ya ji kunya, ya zauna inda yake. Tsakaninsa da limaman da ke shugabancin jami'ar ma ba kullum ake jituwa ba, domin su suna tsoron kada ƙwallo ya rinjayi karatu, suna taƙaita masa tafiye-tafiye da yawan alfarmar da ake yi wa 'yan wasa. A 1929 Gidauniyar Carnegie ta fitar da rahoto a kan wasannin kwalejojin Amurka, ta nuna cewa farautar 'yan wasa da ba su tallafi a ɓoye sun zama ruwan dare a yawancin makarantu. Rockne ya yi aikinsa ne a cikin wannan yanayi. Wajibi ne kuma mu faɗa, mu da muke 'yan Afirka, cewa a duk shekarunsa babu baƙar fata ko ɗaya a ƙungiyar, sai a shekarun 1950 aka fara ganinsu. Makarantar da ta ɗanɗani wariya saboda addini ta daɗe ba ta buɗe ƙofarta ga waɗanda ake ware su saboda launin fata ba.

Yadda ya shiga Ikilisiya

Shekara goma sha biyar Rockne ya yi a cikin Katolika, matarsa Katolika, 'ya'yansa suna tashi Katolika, amma shi bai shiga ba, ba a kuma tilasta masa ba. A lokacin akwai wani limami a jami'ar, Fada John O'Hara, wanda daga baya ya zama Kadinal kuma Babban Bishop na Filadelfiya. Shi ne ya dage wajen koya wa ɗalibai karɓar Jikin Kristi kowace rana, 'yan ƙwallo kuma suna cikin waɗanda suka fi amsa kiransa. Idan ƙungiyar ta yi tafiya, samarin sukan tashi da asuba, tun kafin gari ya waye, su nemi majami'a mafi kusa su halarci Misa a ranar wasa. Rockne ya riƙa ganin haka, daga baya ya fara raka su yana zama a baya. Abin da ya gani a fuskokin yaran da shi ne yake koya musu wasa ya yi aiki a zuciyarsa a hankali, har ya nemi a koya masa katikisma.

Ranar 20 ga Nuwamba, 1925, Fada Vincent Mooney ya yi masa baftisma a ƙaramin ɗakin sujada na katako da ke harabar jami'ar. Washegari ya karɓi Jikin Kristi karo na fari, a Misa ɗaya da ɗansa, wanda shi ma ranar ce ta farkonsa. Mutumin da ya shekara yana zaɓen samari yana kawo su ƙungiyarsa, samarin nan ne Ubangiji ya yi amfani da su ya kawo shi cikin garkensa, ba kuwa da wa'azi ba, da halinsu na kowace safiya.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1929 ciwon jijiyoyin jini ya kama ƙafarsa, har ya riƙa horarwa daga keken marasa lafiya, ƙungiyar kuma ta yi dukan wasanninta a waje domin ana ginin sabon fili. Duk da haka ba a ci ta ba a shekarar, haka kuma a 1930. Jimillar aikinsa daga 1918 zuwa 1930 ita ce nasara 105, faɗuwa 12, kunnen doki 5, da shekaru biyar da ba a ci shi ko sau ɗaya ba, da kambin ƙasa na 1924 da 1929 da 1930.

Ranar Talata ta Mako Mai Tsarki, 31 ga Maris, 1931, ya hau jirgin sama zuwa Los Anjalis domin aikin wani fim a kan jami'arsa. Fiffiken jirgin, wanda na katako ne, ya karye a sama, jirgin ya faɗi a wata gona kusa da ƙauyen Bazaar a jihar Kansas. Mutum takwas da ke ciki duka suka rasu. Rockne yana da shekara 43. Aka yi jana'izarsa ranar Asabar, jajibirin Ista, a majami'ar Zuciya Mai Tsarki ta jami'ar, aka watsa ta a rediyo ko'ina cikin ƙasar. Binciken haɗarin ya sa aka tsananta dokokin duba jiragen fasinja, kamfanoni kuma suka koma ga jiragen ƙarfe. Daga cikin yaransa, Elmer Layden da Frank Leahy sun riƙe ƙungiyar bayansa, Don Miller kuwa ya zama lauya.

Abin da ya shafe mu

Mu a nan ba mu da filin da ke ɗaukar dubban mutane, amma jarabar iri ɗaya ce. Idan gasar matasa ta matso, akan sami majami'ar da za ta ɗauko 'yan haya daga wani gari, waɗanda ba a taɓa ganinsu a Misa ba, ta sa musu riga, yaran da suka yi wata da watanni suna share fili suna horo kuma a bar su a benci. Akan rage wa saurayi shekaru a takarda domin ya shiga gasar yara. Kofin da aka ci ta haka yana koya wa yaranmu cewa ƙarya halal ce idan don majami'a aka yi ta. Rockne ya sami Gipp ne domin yana zagaya harabar makarantarsa da ido a buɗe, ya kuma gina ƙarfinsa a kan gasar gidajen kwana. Shugabannin matasa su fara da yaran ƙauyukanmu da ƙananan majami'unmu, su ba sahu na biyu dama, su kuma riƙe doka ɗaya ga gwani da wanda ba gwani ba, a nan ne shi ya gaza game da Gipp.

Iyaye kuma su yi hattara da masu zuwa da alkawarin kai yaro wata ƙungiya a Turai idan an biya kuɗi. Iyakar Kongolam ba ta da nisa da mu, mun kuma san cewa hanyar hamada ta cinye 'ya'yan mutane da yawa. Kada a sayar da gona ko a cire yaro daga makaranta saboda maganar wanda ba a san asalinsa ba. Rockne kansa da takardar digiri ya fita kafin ya zama mai horarwa.

Linjilar Luka, sura ta shida, ta nuna mana cewa Ubangijinmu ya kwana yana addu'a kafin ya zaɓi manzanninsa goma sha biyu, ya kuwa ɗauko su daga masunta da mai karɓar haraji. Manzo Bulus kuma, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura ta goma sha biyu, ya koya mana cewa gaɓoɓin jiki da ake gani raunana su ne ba a iya yi sai da su. Duk wanda aka danƙa wa zaɓen matasa, ko na ƙwallo, ko na mawaƙa, ko na masu hidimar bagade, ya yi addu'a tukuna, ya kuma tuna da alfadarai bakwai. Ku kuma matasa, ku sani akwai masu kallonku waɗanda ba sa cewa kome, kamar yadda Rockne ya zauna a bayan majami'a yana kallon yaransa.

Allah ya ba Knute Rockne hutawa ta har abada, ya haskaka shi da haskensa marar ƙarewa, ya kuma kiyaye matasanmu a fili da wajen fili. Amin.